Akwatin da Ke Buɗewa a Tafin Hannu

"Na ba da aikin 'yan akwatunan nan," in ji Yaya, tana ninke mayafinta kamar ba wata magana ta faɗa ba. "Waɗanda za a zuba wa baƙi turare da alewa ranar tsayar da maganar auren Auta. Wajen yarinyar nan mai ninke takarda na kai, ta ƙarƙashin matakala."

Auta yana shan ruwa, sai da ya ƙware.

Yaya ta ɗago ta dube shi ido cikin ido. Ba kuskure ta yi ba, ta san sarai ko wace ce yarinyar. A duk gidan ita kaɗai ta sani, don ita ce ta bi sawunsa har ta gano inda yake ɓacewa in ya tashi daga aiki.

"Allah ya yi miki albarka," Mama ta ce daga kan gado, hannuwanta a cikin mayafi kamar kullum. "Kai kuma sha a hankali, ba kora ake yi ba."

Ita Mama ba ta san komai ba, kuma ita ta zaɓi kada ta sani. Ranar da Auta ya durƙusa ya ce mata akwai wadda yake so, ko rufe baki bai yi ba ta ɗaga masa murya.

"Kada ka kuskura ka faɗa min sunanta! Ba na son sanin 'yar waye, ba na son sanin me take yi. Na riga na amsa wa Kawunku, 'yarsa za ka aura. Mutumin da ya tsaya mana lokacin da babanku ya rasu, shi zan kalla in ce na fasa? Na san zuciyata, Auta. In na ji suna zan fara tausayi, ni kuwa ba ni da wurin ajiye tausayi a maganar nan."

Tun daga ranar duk sanda ya ɗauko zancen sai ta juya fuska bango. 'Yar Kawu kuwa babbar mace ce mai aikinta, ba ta ce tana so ba, ba ta ce ba ta so ba. Cewa ta yi duk yadda manya suka yanke.

Auta ya ajiye kofin, ya zura takalmi ya fita ko sallama babu.

*

Shagon nata ba shago ba ne a wajen mai son faɗin gaskiya. Wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar benen shaguna, rufinsa a karkace, in mutum mai tsayi ya shiga kai tsaye sai goshinsa ya gaisa da siminti. Amma ka leƙa ciki ka gani! Zare ne ta ɗaure daga bango zuwa bango, ta rataye 'yan akwatuna da 'yan jakunkuna na takarda, wani na zobe, wani na 'yan kunne, wani na kwalbar turare da ba ta fi yatsa ba. 'Yan benen ba sa kiranta da komai sai 'Yar Ninki.

Auta kuwa a maɗaba'a yake, shi ke kan injin yanka takarda. Ragowar da ake zubarwa ya fara kawo mata, daga nan ya koma kawo kansa ko babu ragowar.

"Ka sunkuya, za ka buge," ta ce ba tare da ta ɗago ba.

Ya sunkuya ya shiga, sai ya tsaya cak. Teburin cike yake da akwatuna masu launin madara da ɗigon ruwan zinare. Ya san takardar. Shi ya yanka ta da hannunsa makon jiya, har yana tsokanarta wai ta samu babban ciniki ta fara girman kai. Kai, duniya! Mutum ya yanka wa kansa abin da zai yanka shi, yana dariya.

"Kin san na waye?"

"Yayarka ba ta ɓoye min ba. Ta ce na ƙaninta ne, har sai da ta maimaita don kada ya wuce ni."

"Kuma kika karɓa?"

Ta ɗora takarda a tebur, ta kama kusurwa ta kai wa kusurwa, ta ja bayan cokali a kan layin sau ɗaya. Cokalin shayi ne tsoho da ta fi yarda da shi a kan duk wani kayan aiki. Ba ta aunawa da rula, ba ta taɓa gam, yatsunta ne kawai ke shiga suna fita, kafin ka ƙifta ido takarda shimfiɗaɗɗiya ta tashi ta tsaya da ƙafafunta. Ko yau da zuciyarsa ke tafasa, sai da Auta ya tsinci kansa yana kallon hannun nan baki sake.

"In na ƙi fa?" ta ce. "Su kai wa wanda zai liƙa musu da gam, ya ɓalle a hannun baƙi, alewa ta zube a ƙasa? A ce a taronka aka yi haka? Ban iya ba."

Muryarta ta karye a ƙarshen maganar. Sai ta yi abin da ya ƙarasa shi: ta sa hannu biyu ta tura takardun can gefe don kada hawaye ya ɗiga a kai, sannan ta kifa fuska ta yi kukanta.

"Don Allah ki daina," ya ce, shi ma idonsa ya kawo ruwa. "Wallahi zan sake yi wa Mama magana. Yau ɗin nan zan yi."

"Ka sha yi, Auta. Kai ka gaji, ita ma ta gaji." Ta share fuska da gefen ɗankwali. "Ni ba zan shiga gidan da uwa za ta kwana tana kuka saboda ni ba. Tawa ta rasu, na san darajar wadda take raye."

"To ni fa? Ni ba mutum ba ne?"

"Kai ne ma mutumin." Ta yi ɗan murmushin da ya fi kuka ciwo. "Gara ka ji daga bakina. Mai Turare ya je wajen yayana neman aurena."

Mai Turare shi ne mai babban shagon da ke jikin matakalar, mai gilasai da fitilu. Mutum ne mai fara'a da kyauta, bai taɓa yi wa kowa sharri ba, abin da ya fi ƙona wa Auta rai ke nan. Da mugu ne ai da sauƙi.

"Me kika ce?"

"Na ce zan ba da amsa ranar da na miƙa aikin nan."

"Wace amsa?"

"Wadda ta rage min."

Ya jingina da bango. Ita kuma ta goge tafin hannunta sosai a jikin zane kafin ta sake jawo takardun.

"Wa zai raba wa baƙi?" ta tambaya.

"Mama. Ta ce ita za ta miƙa wa kowa da hannunta."

"To sai ka kawo ta."

"Nan? Kin san me kike faɗa kuwa?"

"Ka san ƙa'idata tun ba yau ba. Ba na sakin aiki sai mai rabawa ya buɗe ɗaya da hannunsa a gabana. Na faɗa wa yayarka, ta ce ba sai an yi ba. Ita ta ga ba sai an yi ba, ni ban gani ba." Ta ɗago jajayen idanunta. "Amma ka yi min alƙawari. Muddin kuna cikin shagon nan, ba ka san ni ba, ban san ka ba. Ba na son a ce na haɗa baki da kai mun yi wa tsohuwa tarko."

Ya dube ta, ya ce ya yi alƙawari.

*

Washegari da hantsi, bayan Yaya ta tafi aiki, ya tare musu tasi. Mama tun daga gida take mita.

"Yau na ji ikon Allah. Akwatin takarda ma sai an je masa gwaji kamar riga?"

Suna isa Mai Turare ya fito da sauri, ya rusuna har ƙasa, ya fesa wa mayafinta turare ba ta nema ba.

"Sannu da zuwa, Mama! Allah ya sanya alheri. A sa mu a addu'a, mu ma muna hanya." Ya faɗa yana kallon ƙarƙashin matakala yana murmushi. Auta ya kawar da kai ya wuce.

'Yar Ninki ta miƙe ta gaida Mama a durƙushe, ta gaida shi a taƙaice kamar baƙo. Ya sunkuya ya shiga, ya miƙa hannu bayan ƙofa ya zaro 'yar kujerar katako ya ajiye wa Mama, ya gyara mata ƙafar da ke rawa da ɗan kwalin da ake tokare ta da shi.

Mama ta zauna tana bin zaren nan da kallo.

"Duk ke kika yi waɗannan?"

"Ni ce, Mama."

"Tabarakallah! Ba inji?"

"Babu, sai cokali."

Mama ta yi dariya. 'Yar Ninki ta ɗauko akwati ɗaya daga cikin masu launin madara ta miƙa mata da hannu biyu.

"Ki buɗe min wannan, Mama."

Nan dariyar ta tsaya. Auta ya san dalili, sai dai shi kansa bai tuna ba sai yanzu. Shekaru Mama ta yi a kan keken ɗinki tana ciyar da su, har sanyin ƙashi ya kama yatsunta ya lanƙwashe su. Ba ta son kowa ya gani. Ko baƙi suka zo, hannunta na cikin mayafi har su tafi.

A hankali ta fito da su. Murfin akwatin da wani ɗan harshe yake rufewa, wanda ake sokewa a cikin tsaga, sai an sa farce an zaro shi. Mama ta gwada, yatsan ya zame. Ta sake gwadawa, ta cije leɓe. A na gaba akwatin ya kuɓuce ya faɗi ƙasa.

"Ba komai," ta ce da sauri, tana mayar da hannun ciki. "Yara sa raba. Dama rigima ce irin tawa."

Auta ya ji kamar ya nutse don tausayi. Bai san ya zai yi ba, ɗan da ta haifa ke nan.

'Yar Ninki ta durƙusa ta ɗauki akwatin, ta juya shi tana harararsa kamar yaron da ya yi rashin kunya.

"Laifin akwatin ne, Mama, ba na hannunki ba. Ni na yi shi da taurin kai." Ta ajiye shi gefe. "Ki ara min hannun in gani."

Abin mamaki, Mama ta ba ta. Yarinyar ta riƙe shi a cikin nata, tana shafa gaɓoɓin a hankali.

"Ɗinki kika yi, ko?"

"Wa ya faɗa miki?"

Auta ya saci kallon 'Yar Ninki. Amma ba ta ko kalli inda yake ba.

"Ga keken nan a rubuce a yatsunki. Mahaifiyata ma haka nata suka koma. Wannan hannun ai ba na ɓoyewa ba ne, Mama, ya ci a nuna shi." Ta buɗe mata tafin. "Ki dunƙule min, iya inda ba zai yi miki zafi ba. Yauwa, tsaya nan."

Ta zaro sabuwar takarda. Ta ɗora a tafin Mama ta ɗan lanƙwasa, ta ɗauke, ta kai tebur. Shagon ya yi tsit, sai ƙarar bayan cokali a kan takarda. Ta ninke, ta warware, ta girgiza kai, ta sake daga wani gefen. Harshenta ya ɗan leƙo ta gefen baki, yadda yake yi in aiki ya kama ta. Auta ya kawar da kai don kada fuskarsa ta tona shi, amma idon ya ƙi, ya koma.

Abin da ya fito ba shi da murfi ko harshe. Kunnuwa ne suka hau kan juna suka rufe bakin. Ta saka kwalbar turare da alewa, ta ɗora shi a tafin Mama.

"Ki ɗan matsa, kamar kina gaisawa da jariri."

Mama ta matsa. Kunnuwan suka buɗe a hankali, turaren ya bayyana. Ta saki, suka koma suka rufe.

"La ilaha illallahu!" Ta sake matsawa, ya buɗe. Ta saki, ya rufe. Sai ga Mama tana ƙyalƙyala dariya kamar 'yar yarinya, hannunta a waje kowa na gani. "Auta, ka gani? Ka ga abin da ta yi?"

"Na gani, Mama," ya ce.

"To waɗancan fa?" Mama ta nuna tulin da ke tebur.

"Zan warware su. Ban sa gam ba, wasu za su karɓi sabon ninki. Waɗanda suka ƙi, a yanko wata takardar."

"Ai ɗana a maɗaba'a yake, shi zai yanko miki. Ka ji ko, Auta?"

"Na ji."

"Amma 'yar nan, duk wannan wahala saboda hannun tsohuwa?"

"Ranar ɗanki ce, Mama. Ke ya kamata a gani kina miƙawa."

Ta faɗi maganar lafiya, sai dai hawayen bai ba ta haɗin kai ba. Ta yi saurin tura takardun gefe. Mama ta kama haɓarta ta ɗago fuskar.

"Me aka yi miki? Wannan kukan ba na yau ba ne."

"Ba komai, Mama."

"Ni za ki gaya wa ba komai? Na haifa, na aurar. Namiji ne ko?"

Ta sunkuyar da kai. "Akwai wanda muka so juna. Mahaifiyarsa ta riga ta zaɓa masa."

"Ta gan ki kuwa?"

"Ba ta nemi ganina ba."

"To Allah ya shirye ta! Wace irin mace ce za a kawo mata irinki ta ce—"

"A'a, Mama, kada ki faɗa." Yarinyar ta riƙe hannunta gam. "Uwa ce. Ita ta san abin da ta sha kafin ya zama mutum. Wallahi ban taɓa riƙe ta a zuciya ba."

Mama ta dubi yarinyar, ta dubi akwatin da ke tafinta. Sannan ta miƙe ta sa mata albarka, ta ce wannan ɗin ba za ta bari ba, da shi za ta tafi.

*

A cikin tasi Mama tana ta matsa akwatin tana saki, Auta yana kallon titi ba ya ganin komai. Ko da sake ninkin, aikin da ya rage wa 'Yar Ninki ba zai daɗe ba, ya san saurin hannunta. Tana gamawa za ta miƙa, tana miƙawa Mai Turare zai samu amsarsa.

Suka sauka a bakin layi suka taka. Daga nesa ya hango motar Kawu a ƙofar gida, ga takalmansa a bakin ɗaki, Yaya ta riga su dawowa, muryarta tana tashi daga ciki tana yi masa sannu da zuwa. Ya zo ke nan a sa rana.

Mama ta tsaya a zaure, ba ta ƙarasa ba.

"Auta."

"Na'am, Mama."

"Da muka shiga shagon nan, wa ya ce maka ka sunkuya?"

Ya sunkuyar da kai.

"Kujerar nan a bayan ƙofa take, ko ni da nake kusa ban gan ta ba. Kai ko dubawa ba ka yi ba ka zaro ta. Har ka san ƙafar da ke rawa." Muryarta ta yi ƙasa. "Ni na haife ka fa."

Ya zube a gabanta ya kama gefen zanenta, kuka ya ƙwace masa irin wanda rabonsa da shi tun rasuwar babansu.

"Ba tarko muka yi miki ba, Mama, wallahi tallahi. Ita ta sa na yi alƙawarin ba zan faɗa ba. Ta san akwatunan na waye tun ranar da Yaya ta kai mata, kuma ta karɓa, ta ce ba za ta bari a ji kunya a tarona ba. Ranar da ta miƙa aikin za ta amsa wa Mai Turare. Mama, in kin ce 'yar Kawu, zan aura, ba zan saɓa miki ba. Amma ki sani da raina za a tafi."

"Mama, ku ne?" Yaya ta ƙwala daga ciki. "Ku shigo mana, Kawu tun ɗazu yake jira!"

Mama ta ɗaga hannu za ta mayar cikin mayafi yadda ta saba in za ta shiga gaban mutane, sai ta tsaya, ta bar shi a waje. Akwatin na zaune a tafinta, hawayenta na sauka, ta ɗan janye shi gefe don kada ya jiƙe.

"Na ce Allah ya shirye ta," ta faɗa a hankali. "Da bakina na faɗa."

"Mama..."

"Tashi ka share fuskarka, kada Kawunka ya gan ka haka. Ni zan shiga, ni na ba shi magana, ni zan san yadda zan dube shi."

Ta taka har bakin ƙofa, ta kama labule. Sai ta juyo.

"Auta, kafin in shiga. Faɗa min sunanta."